Kafin Ka Biya Kuɗin Haya A Birni, Auna Unguwar Da Ƙafarka

A Kanya Babba babu mai ware kuɗin mota a lissafinsa na wata. Masallaci yana bakin layi, kasuwa tana cikin gari, makaranta da gidan kawu da wurin mai aski duk tafiyar 'yan mintuna ce. Haka abin yake a Babura da Roni da Gwiwa, har ma da Kazaure da ta fi su girma. Mutum ba ya shiga mota sai tafiya ta kama shi zuwa wani gari.

Saboda haka yaron da ya tashi a nan, ya gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, Allah Ya ba shi aiki a Kano ko Dutse ko Abuja, akwai lissafi guda da bai taɓa koyo ba, kuma shi ne ke fara kayar da shi, wato kuɗin zuwa aiki da dawowa.

Tambayar da ake yi masa a gida ita ce, "Nawa ne hayar ɗakin?" Idan ya ce dubu ɗari da hamsin a shekara, a ce ya yi dace. Idan ya ce dubu ɗari uku, a ce yaron nan daga zuwa birni ya fara ƙarya. Da wuya ka ji wani ya tambaye shi nisan ɗakin da wurin aikin, ko abin hawa nawa zai shiga kafin ya isa.

A ganina wannan tambaya ce ya kamata ta zo farko. Matashin da bai ajiye iyali ba yana da wata dama da mai mata da 'ya'ya ba shi da ita: katifa ɗaya da jaka da risho sun ishe shi, kuma ɗaki ɗaya ko a ina yake zai ɗauke shi. Babu makarantar yara da za ta ɗaure shi a wata unguwa, babu maganar tsakar gida ko wurin shanya. Abin da ya fi dacewa ya yi da wannan dama shi ne ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi aiki, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta kuma ya fi tsada.

Lissafin da dillali ba zai yi maka ba

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A ranar ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Tun daga nan farashin yana ɗan hawa yana ɗan sauka, amma kowa ya san halin kuɗin mota a ƙasar nan: idan ya hau, ya hau ke nan. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Masu yi wa ƙasa hidima suna karɓar 77,000.

To mu yi misali, kai kuma ka cire alƙalumana ka sa naka. Mu ɗauka ɗakinka yana nesa, sai ka shiga A Daidaita Sahu biyu kafin ka isa aiki, kowanne naira 300. Zuwa da dawowa naira 1,200 ke nan a rana. A kwanakin aiki 22, kuɗin ya kama naira 26,400 a wata. Idan albashinka 70,000 ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi a titi, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka aika wa Inna ko sisi ba. A shekara naira 316,800 ne. Mai tsaron shago a kasuwa da ke fita kwana shida a mako, nasa ya wuce haka.

Yanzu dawo kan ɗakunan nan biyu. Na nesa dubu ɗari da hamsin, na kusa dubu ɗari uku. Ka ga kamar ka tsira da dubu ɗari da hamsin, alhali ka ɗauko wa kanka bashin dubu ɗari uku da ɗoriya da za ka riƙa biya kullum da safe da yamma. Abin da ke ruɗar mutum shi ne kuɗin haya a dunƙule ake biyansa, yana da zafin fita. Kuɗin mota kuwa ɗari uku-uku yake zurarewa, kamar tulun da ya tsage ta ƙasa. Sai ranar ashirin ga wata mutum ya laluba aljihu ya fara zargin tsadar shinkafa.

Wannan kuɗi ke nan. Akwai kuma lokaci, wanda shi ba a ranto shi. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, a kwana 22 ya zama awa 44. Ya fi mako guda na aikin ofis. Wato kowane wata kana yin ƙarin mako guda na aiki, a tsugune a bayan ɗan sahu, gwiwarka a jikin ta wani, kana shaƙar hayaƙi, kuma kai ne ma ke biya. A cikin awannin nan ne wani yake zuwa makarantar dare, wani yake koyon gyaran waya ko ɗinki, wani yake karatun ƙarin digiri.

Titin Katsina da mutanenmu

Duk wanda ya san mutanen yankinmu a Kano ya san inda suka fi taruwa. Motar da ta taso daga Babura ta biyo Kanya da Kunya ta ɓullo Kwanar Dumawa, da wadda ta taso daga Kazaure ta biyo Dambatta, duk ta Dawanau suke shiga gari su hau Titin Katsina. Don haka Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, har zuwa Ƙofar Ruwa, nan ne baƙon da ya fito daga wajenmu yake fara sauke jakarsa. Nan yayansa yake, nan abokin babansa yake, nan zai samu mai kai masa saƙo gida, nan kuma zai tsaya a bakin titi ranar Juma'a da yamma ya samu motar gida ba tare da wahala ba.

Wannan dalili ne mai kyau, ban raina shi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Idan aikinka a kasuwar hatsi ta Dawanau yake, ko wajen 'yan ƙarafa da kayan gini a Ƙofar Ruwa, to ka faɗa a daidai, zauna abinka.

Matsalar ita ce wanda aikinsa yake a masana'antun Sharaɗa ko Challawa, ko a Asibitin Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, ko a sabuwar Jami'ar Bayero da ke Titin Gwarzo, amma ya kama ɗaki a Bachirawa don kawai nan 'yan garinsu suke. Wannan kullum sai ya ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu. Gida kuwa da ya zauna kusa da hanyarsa, sau ɗaya yake zuwa a wata, wani lokacin ma sai Sallah. Ya sauƙaƙa tafiyar da yake yi sau goma sha biyu a shekara, ya tsananta wadda yake yi sau ɗari biyar.

Alhali kusan kowace cibiyar aiki a Kano tana da unguwar talakawa a jikinta. Mai aiki a Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Sabon Gari, ga Fagge nan, wadda tun zamanin fatake masaukin baƙi ce a wajen ganuwa. Mai aiki a Bompai, ga Dakata da Gama da Tudun Murtala. Mai aiki a Challawa, ga Panshekara. Ma'aikacin asibitin Malam, ga Gyaɗi-Gyaɗi da Karkasara da Darmanawa. Mai shago a Farm Centre yana cikin Tarauni. Ma'aikacin sabuwar jami'a, ga Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata. Ba duka ne masu araha ba, kuma wasu ɗakunan da za a nuna maka sai ka yi ta maza kafin ka shiga banɗakinsu. Amma suna nan, kuma ɗan garinku da ya yi shekara goma a Kurna ba lallai ya san su ba, domin shi ma Kanonsa daga Kurna zuwa wurin aikinsa ce.

Akwai wani dalili kuma da ya wuce kuɗi. Abin hawan haya a Kano ba abin da za ka jingina rayuwarka kacokan a kansa ba ne. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, dubban mutane suka wayi gari abin hawansu na kullum babu. A Fabrairun 2021, sannan a Janairun 2022, 'yan A Daidaita Sahu sun tafi yajin aiki kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, aka ga ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa cike da tituna suna taka sayyadarsu, wasu a bayan kurkura kamar buhunan masara. A Yulin 2022 gwamnati ta hana 'yan sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wanda hakan ya shafi duk mai tashi daga aiki da dare ko mai fita da asuba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da takardar ɗari biyu da zai miƙa wa direba. Ga kullen korona na 2020, ga dokar hana fita ta Agustan 2024 bayan zanga-zangar tsadar rayuwa. A duk waɗannan ranaku, wanda aikinsa da abincinsa da ruwansa suke kusa da ɗakinsa bai ji jiki kamar sauran ba.

Kusa daban, takuwa daban

Sai dai kada a ɗauka maganar kilomita ce kawai. Mai lafiya yana cin kilomita ɗaya a cikin minti goma sha biyu zuwa sha biyar, don haka tafiyar minti ashirin wajen kilomita ɗaya da rabi ce. Amma akwai kilomita ɗaya da rabi da ake yi ana gaisawa da mutane a inuwar darbejiya, akwai kuma wadda sai ka tsallaka tagwayen hanya mai tireloli, ka bi gefen kwata buɗaɗɗiya, ka ratsa kangon da babu kowa. A taswirar waya duk tsawonsu ɗaya.

Zuwa da kai ya fi aike. Kafin ka ba dillali ko kwabo, ka taka hanyar da ƙafarka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar wurin aikin, kana duba agogo. Kuma ba sau ɗaya ba. Ka bi ta da safe lokacin fita aiki. Ka bi ta da rana tsaka, domin a watan Afrilu zafi a Kano yana kai maki 40, kuma minti ashirin a wannan rana ba wasa ba ne ga wanda zai shiga ofis da farar shadda. Sannan, wanda ya fi muhimmanci, ka bi ta bayan sallar isha'i.

Dare ne ke faɗa maka gaskiyar unguwa. Akwai fitila? Shaguna a buɗe suke? Akwai dattawa a ƙofar gida, akwai mai shayi, akwai 'yan sintiri? Ko kuwa da an idar da sallah kowa yake shigewa ya turo ƙofa? Ƙwacen waya a Kano ba labari ba ne, ya ci rayukan mutane, kuma mai tafiya a ƙasa shi kaɗai a layi mai duhu shi ne abin nema. Ba zan jera sunayen unguwanni in ce wannan ta ɓaci waccan ta gyaru ba, domin a unguwa ɗaya za ka samu layin da yara ke wasa har goma na dare, ka karya kwana ka faɗa layin da ko 'yan unguwar ba sa bi. Layi ake dubawa. Layin da idanu suka yi yawa a kansa, wanda mai ƙosai da mai caji da mai kanti suka san fuskar kowa, ya fi layin manyan gidaje masu dogayen katangu aminci ga mai tafiya a ƙasa, duk da na biyun ya fi kyau a hoto.

Tsallaka titi ma abin dubawa ne da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Idan ɗakinka yana wannan gefen babban titi, aikinka yana wancan, ka duba inda za ka riƙa tsallakawa sau biyu a rana har shekara guda. Wani lokacin gara ɗakin da ya fi nisa da minti biyar amma yana gefe ɗaya da wurin aikin.

Bayan hanyar aiki, sai abin da gwauro ke rayuwa da shi. Mai iyali ana dafa masa. Kai kuwa tukunyarka tana hannun mai shayi da mai ƙosai da mai garau-garau da mai ɗanwake. Idan babu su a cikin tafiyar minti biyar, za ka riƙa kwana da yunwa ko ka riƙa biyan kuɗin mota don cin tuwo. Ka duba masallacin da za ka iya zuwa asuba ba tare da fargaba ba. Ka tambayi nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a layin, kuma daga ina suke turo kurarsu, domin nisan rijiyar burtsatse shi ke yanka farashi. Ka duba mai POS da kemis da mai wanki da guga. Wutar lantarki kuwa kada ka tambayi mai gida, tambayi mai cajin waya na bakin layi. Idan ka ga sana'arsa tana ci sosai, ka samu amsarka.

"Ba ma ba gwauro haya"

Duk wannan lissafi yana iya rushewa a kan jumla ɗaya, wadda duk saurayin da ya nemi ɗaki a unguwannin Hausawa ya san ta. Masu gida da yawa ba sa son sa marar aure a gidan da akwai matan aure da 'yan mata, kuma maƙwabta ma sukan sa baki. Wasu za su ga zalunci ne. Ni ina ganin tsoro ne da ke da tushe, ko da yake yana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mutumin da bai san asalinka ba, ba shi da abin da zai auna ka da shi sai abin da wani saurayin ya taɓa yi masa.

Maganin abin ba fushi ba ne. Shago, wato ɗakin da ƙofarsa ke kallon waje, dama don irinka aka yi shi, kuma ya fi sauƙin samu. Sannan kada ka je kai kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama. Ka tafi da babba, kawunka ko maigidanka na wurin aiki, ya gabatar da kai ga mai gida da mai unguwa, a san ɗan wane ne kai a Kanya ko Roni, a san inda kake aiki. Sati biyu kana sahun asuba, liman ya san fuskarka, magana ta ƙare.

A nan ma tafiya a ƙasa tana yi maka aikin da ba ka sani ba. Wanda ke fita da duku-duku a abin hawa ya dawo bayan isha'i, shekara zai yi a unguwa yana baƙo. Wanda ke ratsa layi a ƙafa safe da yamma yana sallama, cikin wata guda an san shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, za a samu mai cewa yau ban ga yaron nan ya wuce ba, a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, ziyara suke nufi, amma maganar ta hau nan daram. Kaɗaici yana cin matasa a birni fiye da yadda suke faɗa a waya idan sun kira gida.

Ga 'yan'uwanmu mata kuwa abin ya ninka. Yarinyar da ta gama makarantar aikin jinya da ungozoma, ko ta samu koyarwa ko aikin banki a wani gari, ba kasafai ma ake barinta ta kama ɗaki ita kaɗai ba, kuma ko an bar ta, masu gidan da za su karɓe ta kaɗan ne. Yawanci gidan 'yan'uwa ake kai ta, ko da kuwa yana ƙarshen gari. Iyaye suna ganin sun tsare ta. Amma ina roƙon iyaye su sa hanya a cikin lissafin tsaron. 'Yar da ke tashi daga aiki ƙarfe tara na dare, ta tsaya a bakin titi tana jiran abin hawa, ta sauka ta sake shiga wani da mutanen da ba ta sani ba, ba a tsare take ba don kawai a gidan gwaggonta za ta kwana. Idan wurin aikin yana da gidajen ma'aikata, a nema mata. Idan babu, ɗaki a gidan wata dattijuwa mai mutunci kusa da wurin aikin, ita da abokiyar aikinta, da sanin waliyyinta da mai unguwa, abu ne da ya kamata a zauna a duba ba tare da an ɗauke shi abin kunya ba.

Dutse da sauƙi. Tun da ta zama babban birnin Jigawa a 1991 take faɗaɗa, amma har yanzu ba ta kai inda nisa zai cinye albashi kamar Kano ba, kuma akwai acaɓa. Duk da haka gari ne da aka shimfiɗa da faɗi, ma'aikatu a warwatse, don haka mai zaɓe tsakanin Takur da Yalwawa da Fagoji da Gida Dubu da Danmasara ya fara sanin inda ofishinsa yake tukuna.

Abuja ce inda shawarata take yin rauni, kuma gara in faɗa. An zana birnin ne don mai mota. An hana acaɓa a tsakiyarsa tun 2006, zamanin Nasir El-Rufa'i yana minista, kuma hayar ɗaki a Wuse ko Garki ko Maitama ba ta ƙaramin ma'aikaci ba ce. Shi ya sa jama'a suke kwana a Nyanya da Kubwa da Lugbe da Dei-Dei, ko ma a wata jihar, Mararaba a Nasarawa, Suleja a Neja, su yi asubanci su faɗa cunkoso. Ƙauyukan da suka rage a cikin birnin, irin su Garki Village da Mabushi da Durumi, suna kusa kuma da ɗan sauƙi, amma barazanar rusau ba ta rabuwa da irinsu. A can sai dai a rage buri: ɗakin da za ka taka zuwa tashar da aka sani, ka shiga mota ɗaya tak ta sauke ka kusa da aiki. Shiga motar da ba ta tasha ba a bakin hanya, a garin da 'yan fashin da ake kira "wan cans" suke ɗaukar fasinja, ba tattali ba ne.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai sai ya sayi babur. Idan da hali, madalla, amma sabon babur yanzu ya haura naira miliyan ɗaya, yana shan mai, yana son gyara, yana son wurin kwana da ɓarawo ba zai kai gare shi ba, kuma sabon ma'aikaci bai da wannan kuɗi a shekararsa ta farko. Keke ya fi kusa da aljihunsa, kuma yana mayar da tafiyar awa ɗaya ta koma ta minti ashirin.

Na biyu shi ne wanda ba a faɗa da baki: kunya. Mun ɗauki tafiya a ƙasa alamar rashi. Mai babbar difloma, da takalmi sau-ciki, a gan shi yana taka ƙasa kamar almajiri? Wace yarinya ce za ta saurare shi? Wannan tunani ya sa mutum yake hawa ɗan sahu don tafiyar da ba ta kai daga kasuwar Kanya zuwa bakin gari ba. Amma yarinyar da ake jin kunyarta, lefe za a kai gidansu, kuma dubu ɗari ukun da ta tafi a titi akwati nawa ce? Ga kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, kwana biyar, minti 200 ke nan. Manyan da ke zagaye filin wasa da asuba da fararen takalma saboda hawan jini da ciwon suga, abin da likita ya sa su yi ke nan bayan shekara talatin a cikin mota.

Abin dariya, a Turai yanzu wannan ne abin yayi. Wani malamin jami'a a Faris, Carlos Moreno, ya fito da tsarin da ya kira birnin minti 15 a 2016, wato mutum ya samu aiki da kasuwa da makaranta da asibiti a cikin tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ko a keke, kuma magajiyar garin ta wancan lokacin, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2020. Wanda ya san cikin birnin Kano zai yi murmushi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, da aka kafa kasuwar Kurmi, haka unguwannin cikin ganuwa suke: lungu mai inuwa, masallaci a kowace kusurwa, marina da maƙera da majema a jikin gidajen masu sana'ar. Mu ne muka bar wannan muka koma yanka filaye a gonaki, babu kasuwa, babu makaranta, babu magudanar ruwa, sai mai gida ya gama gini a fara tunanin hanya.

Gwamnatocinmu ma mota suke yi wa aiki. A shekarun nan Kano ta samu gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro da Sabon Gari, kuma sun rage cunkoso a wurarensu. Amma mafi yawan mutanen Kano ba su da mota. Gefen titin da aka tanada don mai tafiya a ƙasa, inda ma akwai shi, mai kanti ya baza kaya a kai, mai mota ya ajiye motarsa, mai gini ya zuba yashi. Da za a ware ko kaɗan daga kuɗin gada ɗaya a rufe kwatoci, a dasa itatuwa, a gyara fitilun cikin unguwanni, da talaka ya gani a aljihunsa kai tsaye. Dutse da Kazaure da ba su gama cika ba, su ne ke da damar gyarawa tun kafin a gine ko'ina, musamman Kazaure da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai bi ta cikinta.

Amma sabon ma'aikacin da zai fara aiki ranar Litinin ba zai jira gwamnati ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya yi gaggawa. Kuɗin haya na shekara ake biya, ga la'adar dillali a kai, kuma idan ka biya ba a mayarwa. Gara ka lallaɓa a wurin ɗan'uwa ko aboki na wata guda, ka jure kuɗin motar wannan watan, kana amfani da yammacinka da ranakun hutunka kana zagaya unguwannin da ke kewaye da wurin aikin a ƙafa. Masu gadi da masinjoji da direbobin wurin aikinka sun fi kowa sanin inda ɗaki mai sauƙi yake a kusa, domin su ma ba su da kuɗin mota.

Idan neman ya faɗo a watan Agusta, ka yi sa'a, domin ruwa zai nuna maka layin da ke zama kogi da wanda ke tsanewa. Idan kuwa da rani ne, duba gindin katangun layin: inda ruwa ke kwanciya yana barin zane a jikin bango, kuma tsawon dakalin da mutane suka gina a ƙofar gidajensu yana faɗa maka iya inda yake kaiwa. Sannan ka zauna wurin mai shayin layin ka sha kofi ɗaya, ka tambaye shi wanda ya tashi daga ɗakin da dalilin tashinsa.